Kunne Ya Girmi Kaka: Tambayoyinku Kan Kiɗan Kilasika, Rok Da Furog

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na yi suɓul da baka a fitowar da ta wuce na ce ni kiɗan da ba murya a ciki nake saurare in dare ya yi, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu tambaya wasu tsokana, wani ma cewa ya yi tsufa ne ya fara kama Kawu. To na ji. Ga waɗanda na tsinto, na cire sunaye kaman yadda muka saba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne, abokina da muke ɗaki ɗaya kullum kiɗan kilasika yake sakawa wai shi ne kiɗan masu hankali. Wallahi na gwada har sau uku, duk sanda na saka iyafis ko minti biyar ba na yi bacci ya kwashe ni, ba waƙa ba amshi ba inda mutum zai kama. Shi kuma sai ya ce wai kunnena ne bai waye ba. Dan Allah matsalar daga ni take ko daga kiɗan?

AMSA: Ƙanina, da farko dai ka daina kunna shi kana kwance, ko ni nan in na kwanta kwashe ni yake yi. Sannan abin da ake ce wa kilasika ɗin nan ba abu ɗaya ba ne, kiɗa ne na ɗaruruwan shekaru aka tattara aka liƙa mishi suna ɗaya. Ɗauki marubuta kiɗa biyu, an haifi Bach a Jamus a 1685, Stravinsky kuma sai 1971 ya mutu, duk su biyun kilasika ake ce musu alhali in ka ji su a jere sai ka rantse ba sana'a ɗaya suke yi ba. A wajen masana ma ainihin zamanin da ke da wannan suna ɗan tsakanin 1750 ne zuwa wajen 1820, lokacin su Haydn da Mozart da Beethoven. Kai ka leƙa ɗaki uku a gida mai ɗaki ɗari ka ce gidan duhu ne.

Ga inda nake so ka fara. Nemi Boléro na Ravel, wani Bafaranshe, a 1928 ya rubuta shi, minti goma sha biyar ne ko da ɗan ɗoriya. Akwai wata ƙaramar ganga da take buga salo ɗaya tak tun daga farko har ƙarshe ba ta canzawa, wannan ita ce igiyar da za ka riƙe. A kanta sarewa za ta shigo a hankali kaman mai raɗa, ta rera wani ɗan sauti ta gama, sai wani abin busan ya karɓa ya maimaita, sai wani, sai wani, kowane zagaye ana ƙara hannu ana ƙara ƙarfi, har sai makaɗan gaba ɗaya sun afka ciki a ƙarshe abin ya rushe lokaci guda. Aikinka ɗaya ne, duk sanda sautin ya dawo ka tambayi kanka, wa ya karɓa yanzu? Kaga kenan akwai amshi, baki ne kawai babu.

In ka gama da shi ka koma kashin farko na simfoni na biyar na Beethoven (simfoni dogon kiɗa ne mai kashi-kashi da tarin makaɗa ke kaɗawa tare), bai wuce minti bakwai zuwa takwas ba. Ka san shi ma ko ba ka san sunansa ba, ta-ta-ta-taaa, gajeru uku dogo ɗaya. Mutumin nan da waɗannan huɗun ya gina kashin gaba ɗaya, ya jefa su sama ya dawo da su ƙasa, ya ba masu goge ya karɓe ya ba masu ƙaho, wani lokacin ya ɓoye su can ƙarƙashi sai ka kasa kunne za ka tsinto su. Kuma kar ka ji kunyar gajiya, ranar da aka fara kaɗa shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin Disambar 1808 taron awa huɗu ya ɗauka a zaure mai sanyin tsiya, makaɗan ma ba su samu atisaye mai kyau ba, mutane a jigace suka fita.

Abu ɗaya kuma da ba a faɗa wa sabon shiga, kiɗan nan yana sauka ƙasa sosai ya kuma tashi sama sosai, in sifikar waya ce ko kana cikin hayaniya rabinsa ɓacewa yake yi, sai ka ɗauka shiru aka yi.

Shi kuma abokin naka mai maganar wayewa ka ba shi wannan labarin. A watan Mayun 1913 aka fara nuna wani wasan rawa a Faris da kiɗan Stravinsky, manyan gari ne cike da zauren cikin kwat da kayan alfarma, suka dinga ihu da sowa da zagin juna har masu rawar ba sa jin kiɗan, sai da mai tsara rawar ya hau kujera a gefen dandali yana ƙirga musu da baki. Yau wannan kiɗan a makarantun kiɗa ake koyar da shi.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Yayana ya dawo da wani sabon salo, wai furogiresif rok. Waƙa ɗaya sai ta yi minti ashirin, ta fara kaman za a yi kuka, ta koma kaman ana faɗa, sai kuma a yi shiru ka ɗauka ta ƙare ashe da saura. Na yi ƙoƙarin kaɗa ƙafa na bi na kasa. Meye wannan abin, kuma su waye suka ƙirƙiro shi?

AMSA: 'Yar'uwa kin bayyana shi fiye da yadda masu shi ke yi. Furog dai, kaman yadda suke taƙaita sunan, rok ne da ya ƙi zama a inda aka ajiye shi. A da waƙar rok minti uku ce don ta shiga rediyo, baiti, amshi, baiti, amshi, a tashi. To a ƙarshen shekarun 1960 wasu samari a Ingila suka ce su ba su yarda ba, da yawansu kuma sun taso da kilasika a kunne, Rick Wakeman mai buga kibod na ƙungiyar Yes makarantar kiɗa ta sarauta da ke Landan ya shiga kafin ya bari, mai jitar bes ɗinsu, wato jitar nan mai kaurin sauti, Chris Squire kuma yana yaro a ƙungiyar mawaƙan coci ya koyi rera waƙa. Sai suka ɗauko tsarin simfoni, wato kiɗa mai kashi-kashi da ke tafiya ya dawo, suka ɗora a kan jita da ganga.

Faifan garmaho na wancan lokacin gefe ɗaya yana ɗaukar wajen minti ashirin da ɗan wani abu, shi ne ya zame musu ma'auni. A Oktoban 1969 'yan ƙungiyar King Crimson suka fitar da faifansu na farko, mutane da yawa daga nan suke fara lissafi. Shekarar 1972 kuwa abin ya kai maƙura, Yes suka yi waƙa mai minti goma sha takwas, Genesis suka yi mai kusan ashirin da uku, Jethro Tull suka ce ai ba ku yi komai ba, suka cika faifai gaba da baya da waƙa ɗaya ta sama da minti arba'in. Abin dariyar shi ne jagoransu Ian Anderson, mai busa sarewa yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya ce shi shaguɓe yake wa masu irin wannan dogon buri, sai gashi shaguɓen ya zama ɗaya daga cikin faifan da 'yan furog suka fi ji da su.

Wannan sautin kaman za a yi kuka da kika ji, ina kyautata zaton Mellotron ne. Wani kibod ne da ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kai, in ka danna zaren ya gudu na kaman daƙiƙa takwas ya tsaya, kuma da yake inji ne mai jan zare sautin yana ɗan rawa-rawa kaman mai shirin fashewa da kuka. Ni dai wallahi har yau in na ji shi tsigar jikina tashi take.

Maganar ƙafa kuma ba laifinki ba ne. Yawancin waƙoƙin da muke ji a kan huɗu suke tafiya, ɗaya biyu uku huɗu, a koma. 'Yan furog sai su ɗora a kan biyar ko bakwai ko tara, ƙafarki tana jiran na takwas su kuma sun riga sun koma ɗaya, shi ya sa kike jin kaman kin taka matakalar da babu ita. Ki gwada da waƙar Money ta Pink Floyd, ta faifansu na 1973, ki bi jitar bes ɗin kina ƙirgawa da yatsu, bakwai za ki samu. Ki ci gaba da ƙirgawa, daidai inda mai jita zai fara nasa shi kaɗai sai su juye zuwa huɗu, za ki ji jikinki ya saki kaman an sauke miki kaya. Daga ranar da kika kama wannan da kanki yayanki ya samu abokiyar gardama.

Amma fa kar ki ɗauka duk abin kirki ne. Akwai burga da son a sani a harkar nan ba kaɗan ba. Keith Emerson, wani mai buga kibod ɗin furog, wuƙaƙe yake cusawa tsakanin maɓallan kibod ɗinsa na ogan a kan dandali, shi kuma Wakeman a 1975 ya shirya wasa a Landan da okestira, wato babbar tawagar makaɗan kilasika, da 'yan rawa suna zamiya a kan ƙanƙara. Mutane suka gaji, a 1976 Ramones daga Amurka suka fito da faifai mai waƙa goma sha huɗu da ko minti talatin bai cika ba, matasa suka bi su a guje.

TAMBAYA: Salam Kawu. Maigidana mutumin kirki ne amma in ya kunna rok ɗinsa gidan kaman ana yanka ƙarfe. Ya ce wai akwai daɗi a ciki. Ni ban da hayaniya ba abin da nake ji. Ko akwai abin da na kasa ganewa?

AMSA: Hajiya wannan yankan ƙarfen da gangan ake yinsa, ba lalacewa sifikar ta yi ba. In aka tura wa amfilifaya sauti fiye da ƙarfinta sai ya fito a dakushe yana ƙara, da can injiniyoyi gudun abin suke yi, makaɗa kuma suka ji ya musu. A 1964 mai jitar ƙungiyar Kinks, Dave Davies, reza ya sa ya tsaga sifikarsa don ya samu wannan sautin. Tony Iommi na Black Sabbath kuma, injin masana'anta ne ya datse mishi kan yatsu biyu yana saurayi a Bamingham, ya yi wa yatsun 'yan huluna na roba, daga baya ya sassauta wayoyin jitar don su yi mishi laushi, sautin ya sauka ya yi nauyi, kiɗan da ake ce wa metal ya ɗebi abu da yawa daga nan.

Tushen abin kuma ba hayaniya ba ce, daga kiɗan bulus da waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar Amurka ya fito, da ɗan gaurayen kiɗan ƙauye na fararensu. Tun kafin a san su Elvis akwai wata mata, Sister Rosetta Tharpe, da take yagar jitar lantarki tana waƙar yabon Ubangiji, sannan su Chuck Berry da Little Richard suka zo a shekarun 1950.

Ki gwada sau ɗaya, ki toshe kunnenki daga jitar da mai ihun, ki bi ganga da bes kawai, su ne ƙashin bayan. In kin yi haka sau biyu uku har yanzu yankan ƙarfe kike ji, to shikenan ba naki ba ne, ba dole. Shi kuma maigida a gaya mishi Kawu ya ce ya sayi hedifon, kuma ko da hedifon ɗin ya rage ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati a kan ƙarar da ta kai desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), in ƙarar ta haura lokacin raguwa yake yi da sauri sosai. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana fama da ƙugin kunne, shi da bakinsa yake faɗa.

TAMBAYA: Kawu da gaske ne in ana saka wa jariri kiɗan Mozart zai yi ƙwaƙwalwa? Ina da ciki wata bakwai, ƙawata ta turo min wasu.

AMSA: Allah Ya raba lafiya 'yata. Maganar daga wani bincike ta samo asali da aka buga a 1993 a Amurka, kuma ba jarirai aka gwada ba, ɗaliban jami'a ne su 36. An saka musu Mozart na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin juya siffofi a ka, bayan kaman kwata na awa abin ya baje. Shikenan fa. 'Yan jarida da 'yan kasuwa ne suka hura shi, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi a ware kuɗi a ba duk jaririn da aka haifa faifan kilasika. Masu binciken da suka biyo baya ba su ga wata ƙaruwar basira mai ɗorewa ba. In kina jin daɗinsa yana kwantar miki da hankali ki saka abinki, in kuma haƙuri kike yi da shi saboda yaron, ki huta.

TAMBAYA: Malam ni ban ga amfanin lallaɓa mutane ba. Gaskiya ɗaya ce, kilasika da furog su ne kiɗa, sauran duk shirme ne na waɗanda ba sa son wahalar da ƙwaƙwalwa. Ka fito ka faɗa kawai.

AMSA: Malam ba zan faɗa ba don ban yarda ba. Wahalar bugawa daban, daɗi daban, akwai waƙar furog mai canza ƙirga sau goma da in ta ƙare ba abin da ya rage min a ka, akwai kuma waƙa mai kod uku kacal, wato mai sauƙin bugawa, da na shekara talatin ina rerawa a banɗaki. Mozart ɗin da kake taƙama da shi kiɗan rawa ya dinga rubuta wa gidajen biki na Biyana don ya samu na kashewa, kuma bai ji kunya ba. Mutanen da kake ganin sun fi kowa ma ba su ɗauki abin da zafi kamarka ba, a 1969 Deep Purple, 'yan rok masu gashi har kafaɗa, suka hau dandali ɗaya da babbar okestira a zauren Royal Albert Hall na Landan, Malcolm Arnold, wani marubucin kiɗan kilasika, shi ne ya jagoranci makaɗan. Irin wannan maganar taka ce ta sa yaron can na tambayar farko ya kusa haƙura da kiɗan gaba ɗaya.

TAMBAYA: Kawu kullum kai ke ba mutane shawara, to kai wanne ka fi so, wanne ne kuma ba ka iya jurewa? Kar ka yi mana kwana-kwana.

AMSA: To ɗana tunda ka tsare ni. Wanda ba na iya jurewa dai ofera ce, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, na san manya sun ce taska ce, na zauna na gwada da zuciya ɗaya ba sau ɗaya ba, amma da mawaƙiyar ta ɗaga murya can sama sai na ji kaman ana min allura a haƙori. Haka in mai ganga ya tsaya shi kaɗai yana nuna bajinta na minti goma sha biyar sauran 'yan ƙungiyar sun fita shan iska, ni ma fita nake yi. A furog King Crimson nake so saboda ba sa lallashin mai sauraro, a rok kuma Jimi Hendrix, wanda ya mutu a 1970 yana da shekara 27 kacal amma har yau masu jita ba su gama tsintar abin da ya zubar ba.

Wanda ya fi duka kuwa labarinsa daban ne. Ina saurayi wani yayana ya bar min kwalin kasa-kasai da zai yi tafiya, a ciki akwai wani kaset da ba rubutu ko ɗaya a jikinsa. Na saka, sai na ji wani babban goge mai kaurin murya shi kaɗai, ba ganga ba waƙa ba kowa, yana hawa yana sauka kaman mutum na magana da kansa a ɗaki. Ban so shi ba ranar farko, na bar shi ne kawai don ragowar kasa-kasan duk na haddace su. A hankali ya zama shi nake sakawa in kowa ya yi bacci, na fi shekara shida ina jinsa ban san sunan mai shi ba, ban san ma sunan abin da ake gogawar ba, sai wata rana na tsinci sautin a rediyo mai gabatarwa ya ce Bach ne, kiɗan da ya rubuta wa celo, wancan ƙaton gogen da ake zama a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Guda shida ne ashe, nawa na farkon ne da rabin na biyu. Daga baya na karanta cewa su ma sun daɗe a yashe ana ɗaukarsu abin atisayen ɗalibai, sai da wani yaro ɗan shekara goma sha uku, Pablo Casals, ya tsinci takardun a shagon tsofaffin littattafan kiɗa a Basalona ta ƙasar Sifen, ya shekara goma sha biyu yana bugawa a ɗaki kafin ya yarda ya buga a gaban jama'a, bai kuma naɗe su a faifai ba sai a shekarun 1930.

Kaset ɗin nawa rediyo ta taɓa cinye shi, na zaro zaren a hankali na miƙar da shi na naɗe da biro, amma wajen ya riga ya yamutse, duk sanda aka zo nan sai sautin ya yi wata 'yar shaƙewa kaman mai shaƙuwa sannan ya wuce. Yanzu ina da naɗi kala biyar a waya, tsaf-tsaf ba ko ƙura, amma duk wanda na saka in an kusa minti na biyu sai na ji na riƙe numfashi ina jiran shaƙuwar nan, ba ta zuwa.

Mai tambaya kan jaz da wanda ya turo doguwar wasiƙa kan Led Zeppelin ku yi haƙuri, fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.